Dalma, Kitse da Awo: Yadda Harsashi Ya Juya Tarihin Bindiga a Ƙasar Hausa

A karkarar da ke tsakanin Kangire, Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, har yau idan rani ya yi akan ga mafarauci rataye da doguwar bindigarsa ta ƙirar gida. Wasu na kiranta adaka, wasu baushe, wasu kuma harba-ka-ruga. Wannan suna na ƙarshe ya fi sauran faɗin gaskiya, domin ya taƙaita halin makamin a kalmomi uku: harbi ɗaya ne, ba a da tabbacin inda zai sauka, kuma kafin a sake ɗuri sai an nemi mafaka.

An saba ɗora laifin wannan rauni a kan bindigar ko a kan maƙerin da ya ƙera ta. Amma babban dalilin yana cikin wani abu da ido ba ya cika lura da shi, wato ɗan gibin da ke tsakanin harsashi da bututun da yake bi, da kuma maiƙon da ake shafawa don ya wuce lafiya. A kan wannan gibi da wannan maiƙo aka yi tawaye a Indiya, aka rattaba hannu kan yarjejeniya a Turai, kuma suna cikin dalilan da suka sa ganuwar Kano ba ta hana Turawa shiga ba a 1903.

Sunan ya faɗi asalin

Kalmomin wannan sana'a baƙi ne. Bindiga daga Larabci take, daga bunduƙiyya. Albarushi daga albarud. Harsashi kuwa daga rasas, wanda a Larabci ma'anarsa dalma. Ke nan tun daga suna, harsashi da dalma abu ɗaya ne.

Akwai dalilai uku da suka sa duniya ta zaɓi dalma. Na farko, tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500, don haka garwashin gawayi ya ishe ta. Na biyu, tana da nauyi: idan aka ɗauki dunƙule biyu masu girma ɗaya, na dalma ya fi na ƙarfe nauyi da sama da kashi 40 cikin 100, shi ya sa iska ba ta saurin rage masa gudu. Na uku, tana da laushi, ba ta cin bututu, kuma takan bi siffar duk abin da aka matsa ta a cikinsa.

Zubin ƙarfe ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Tun da daɗewa an raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu fartanya, gatari da mashi, da maƙeran fari masu aikin azurfa, tagulla da kayan ado. Hannun da ya iya zuba munduwa ba zai kasa zuba ƙwallon dalma ba. Inda gizo yake saƙa shi ne samun dalmar da yawa, da kuma fitar da ƙwallo dubu waɗanda girmansu bai saɓa ba.

Gibin da aka bari da gangan

Tsohuwar bindiga mai santsin ciki, wadda ake ɗura ta baki, tana aiki ne da baƙin albarushi. Shi kuwa ba ya ƙonewa duka. Fiye da rabinsa yakan rage a matsayin hayaƙi da dauɗa, dauɗar kuma ta manne a jikin bututu ta bushe. Bayan 'yan harbe-harbe sai hanyar ta tsuke. Idan harsashi ya yi daidai da bututu tun farko, a harbi na goma sandar ɗuri ba za ta iya tura shi ƙasa ba.

Maganin da sojojin Turai suka samu shi ne rage girman harsashin. Bindigar sojan Ingila ta ƙarni na 18, wadda ake yi wa laƙabi da Brown Bess, faɗin bakinta inci 0.75 ne, amma ƙwallon da ake zuba mata kusan inci 0.69 ne. Wannan ya sauƙaƙa ɗuri, sai dai ya zo da farashi. Wani kaso na ƙarfin albarushin yakan sulale ta gefe, ƙwallon kuma yakan riƙa bugun bangon bututu yana tafe, ya fita ta duk kusurwar da bugun ƙarshe ya jefa shi. Bayan yadi 100, samun mutum ɗaya da aka auna ya zama sa'a. Shi ya sa sojojin wancan zamani suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa su yi harbi lokaci ɗaya: abin da saiti ya kasa, yawa ya cike.

Idan haka lamarin yake a hannun rundunar da ke da ma'ajiya da awo guda, to ina ga wanda ya sayi bindigarsa daga fatake? Bindigogin da aka riƙa shigowa da su Afirka ta Yamma, waɗanda akasarinsu ƙirar Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ne, an yi su ne don araha. Jiragen da ke kawo su su ne ke kawo albarushi, ƙanƙarar kunna wuta da sandunan dalma. Akwai duwatsun dalma a kwarin Binuwai, a wurare irin su Zurak da Arufu, amma abin da kasuwannin Hausa suka fi sani daga gare su shi ne tozali. Idan dalma ta yanke, sai a ɗura abin da ya samu: guntayen ƙarfe, ƙusa, har tsakuwa.

Illar hakan ta fito fili a yaƙin Amoaful, ranar 31 ga Janairu 1874, tsakanin Asante da sojojin Ingila. Mayaƙan Asante sun yi ruwan wuta na sa'o'i daga kusa, sun raunata kusan mutum 200, amma waɗanda suka mutu nan take a ɓangaren Ingila 4 ne kawai. Jarumta ba ta gaza ba. Abin da aka ɗura ne bai da ƙarfin huda.

Dalilin da ya sa baka bai mutu ba

Bindiga ta daɗe da isowa wannan yanki. Mai Idris Aloma na Borno ya yi amfani da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun a ƙarni na 16. Tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), kuma Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin Kano na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaronsa. Duk da haka, shekaru 50 bayan Babba Zaki, a Oktoba 1826, lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya shaida yadda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa a Konya, bindigogin da ya ƙirga a hannun ɗaya daga cikin manyan rundunonin arba'in ne da 'yan kai, a cikin taron dubban mayaƙa. Ya kuma bayyana cewa masu riƙe da su bayi ne, waɗanda da zarar sun yi harbi sai su ruga inda kibiya ba ta kaiwa don su sake ɗuri. Harba-ka-ruga ke nan, shekaru 200 da suka wuce.

Ba duhun kai ne ya sa magabata suka riƙe kwari da baka ba. Lissafi ne. Ɗan baka yakan saki kibau da dama kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Kibiyarsa ƙirar garinsu ce, dafinta daga kwankwani yake, kuma ko ƙwarzane ta yi tana iya kisa. Damina ba ta jiƙa masa albarushi, ayari ba ya yanke masa kaya. Bindiga ta fi shi a abu biyu: tana huda lifidi, ƙararta kuma tana firgita dawaki.

Kudu maso gabashin tsohuwar masarautar Kano, inda Birnin Kudu da Gwaram suke, ta ga wannan lissafi a aikace. Daga wajen 1846, lokacin da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka kafa kansu a duwatsun Ningi, yankin ya zama bakin daga har ƙarshen ƙarnin. Shugabannin Ningi irin su Ɗan Maje, Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya sun riƙa kai hari cikin ƙasar Kano, sarakunan Kano kuma, musamman Abdullahi Maje Karofi, suka yi ta yaƙarsu tare da ƙarfafa garuruwan kan iyaka. Ginshiƙan wannan doguwar fafatawa su ne doki, mashi, baka da ganuwa. Bindiga ta yawaita ne a ƙarshen ƙarnin, kuma kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato, ta fi taruwa a hannun bayin sarki. Dalilin a fili yake: fada ce kaɗai ke da dukiyar ciyar da makamin da kowane harbinsa sai an sayo daga nesa.

Yadda Turai ta rufe gibin

Tun ƙarni na 16 maƙeran Turai suka san cewa idan aka yi wa cikin bututu tsaga mai murɗewa, harsashi zai fita yana juyawa kamar mazari, ya miƙe bai karkace ba. Amma sai harsashin ya kama tsagar kam, wanda ke nufin gibi ya tafi. Mafarauta sukan naɗe ƙwallon da ƙyalle ko fatar da aka shafa wa kitse, su tura da ƙarfi. Kitsen yana aiki biyu: yana sa santsi, yana kuma hana dauɗar albarushi bushewa, ta yadda harbi na gaba zai share ta. Ga mai farautar barewa wannan ya wadatar. Ga soja a fagen fama, jinkirin ya yi yawa.

A 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya kammala dabarar da ta warware matsalar. Harsashinsa dogo ne, mai rami a gindi, kuma bai kai faɗin bututu ba, don haka yana sauka cikin sauƙi. Da wuta ta tashi, ƙarfin albarushi sai ya buɗa gindin dalmar ya cika tsagar. Yana shiga da gibi, ya fita babu gibi. Irin wanda Amurka ta yi amfani da shi a yaƙin basasarta na 1861–1865 yana da zobba uku a jikinsa da ake cikawa da kitse da kakin zuma.

Ingila ta fitar da tata bindigar, Enfield, a 1853. Faɗin bakinta inci 0.577, na harsashinta 0.568. Gibin ya ragu daga kashi 60 cikin dubu na inci zuwa kashi 9, takardar da aka naɗe harsashin da ita kuma ta cike ragowar. Saitinta yana kaiwa yadi 900. Irin wannan awo ya fi ƙarfin zubi da hannu, saboda haka a masana'antar Woolwich inji ne ke matse dalmar ya fitar da harsasai masu kai ɗaya.

Kitsen da ya girgiza daula

Harsashin Enfield da albarushinsa suna cikin ƙunshin takarda ɗaya, an tsoma gindinsa cikin kitse da kakin zuma. Ƙa'idar ɗuri ita ce soja ya yage bakin takardar da haƙoransa. A Janairu 1857, a sansanin Dum Dum kusa da Kalkata, labari ya bazu tsakanin sojojin Indiya na Kamfanin Gabashin Indiya cewa kitsen na saniya ne da alade. Saniya abar tsarkakewa ce ga Hindu, alade kuwa haram ne ga Musulmi. Hukumomi suka kasa ba da tabbacin irin kitsen da 'yan kwangila suka kawo. Suka ba da izinin sojoji su shafa man da suka yarda da shi, daga baya suka ce a yage takardar da hannu. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ranar 29 ga Maris wani soja mai suna Mangal Pandey ya far wa hafsoshinsa a Barrackpore. A ƙarshen Afrilu, mahaya 85 a garin Meerut suka ƙi karɓar harsashi, duk da cewa nasu tsohon samfuri ne. Aka yanke musu ɗauri, aka sa musu mari a gaban 'yan uwansu ranar 9 ga Mayu. Washegari sansanin ya yi bore, suka nufi Delhi suka ayyana tsohon sarkin Mughal, Bahadur Shah Zafar, a matsayin jagora. Tawayen yana da tushe mai zurfi: ƙwace masarautu, haraji, da tsoron a raba mutane da addininsu. Kitsen ashana ce kawai. Amma wutar da ta kunna ta kawo ƙarshen mulkin kamfanin a 1858, gwamnatin Ingila ta karɓi Indiya kai tsaye.

Yaƙin ya kuma koya wa Ingila darasin awo. A zafin Indiya, bindigogin Enfield sun riƙa toshewa har ɗuri ya gagara. Kafin ƙarshen 1859 an rage harsashin zuwa inci 0.550, aka koma shafa kakin zuma zalla. Bambancin bai kai rabin milimita ba, amma daula guda ta zauna ta yi shawara a kansa.

Sarakunan da suka gane, da ƙofar da aka rufe

Wasu shugabannin Afirka sun fahimci cewa mallakar bindiga ba ta da amfani in babu abin ciyar da ita. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, ya gina ƙarfinsa a kan rundunar 'yan bindiga masu horo. Samori Ture a yammacin Sudan ya fi kowa nisa: maƙeransa sun kwaikwayi bindigar Gras ta Faransa, mayaƙansa kuma sukan tsince kwanson harsashi bayan yaƙi don a sake cika shi.

Sai dai Turai ba ta tsaya jiran kowa ba. Bindiga mai ɗuri ta baya da kwanson tagulla ta zama ruwan dare daga shekarun 1860. A 1882 Eduard Rubin na Suwizalan ya fito da harsashi mai rigar jan ƙarfe. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, a shekarar kuma Hiram Maxim ya nuna bindigarsa mai sarrafa kanta. Sabon albarushin yana ba da gudun da tsirarar dalma ba ta jurewa, domin takan goge ta manne a bututu. Rigar ta magance wannan, ta kuma kawar da bukatar kitse. Daga nan harsashin yaƙi ya bar hannun mai zubi ya koma masana'anta.

Sannan aka rufe ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 2 ga Yuli 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu a faɗin yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, amma ta bar cinikin bindigar ƙanƙara mai santsin ciki da albarushi na gama-gari. An ce don a daƙile cinikin bayi ne. A aikace, ɓangare ɗaya ya riƙe harsashi mai awo, ɗayan aka bar shi da gibi.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Kanal Morland, wadda ba ta kai mutum 1,000 ba kuma akasarin sojojinta 'yan Afirka ne, ciki har da Hausawa, ta tsaya a gaban ganuwar Kano da igwa 4 da bindigogin Maxim. Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. Masu tsaron birnin suna da bindigogi, amma tarkace ne na ƙira daban-daban da aka tara cikin shekaru, kowace da abincinta. Maharan kuwa harsashinsu iri ɗaya ne, daga akwati ɗaya, kowane ƙwaya yana shiga kowace bindiga. Birnin ya faɗi a wuni ɗaya. Haka aka maimaita a Sakkwato ranar 15 ga Maris, da Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada.

Abin da ya rage

Zubin harsashin dalma bai mutu ba, ya dai sauya matsayi. A Amurka ya zama sana'ar sha'awa ta masu farauta da gasar harbi. Kamfanin Ideal, wanda John Barlow ya kafa a 1884 kuma Lyman ya saye shi a 1925, ya shahara da ƙaramar na'urar da ke matse harsashin da aka zuba zuwa awo guda, tana cusa masa maiƙo a lokaci ɗaya. Masu wannan sana'a sukan yi muhawara a kan kashi ɗaya cikin dubu na inci, abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Matsalar da suke fama da ita ita ce wadda Minié ya fuskanta: idan harsashi ya yi ƙaranci, wuta ta sulale ta gefe ta bar dalma a bututu, idan maiƙo ya gaza, saiti ya lalace.

A Nijeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a rukuni na daban, ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana mallakarta ba tare da lasisi ba, ta kuma haramta ƙira ba tare da izini ba. Ita kanta dalmar an ƙara sanin sharrinta. Guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe yara sama da 400, ya isa gargaɗi ga duk gidan da ake narka ta kusa da tukunyar abinci.

Darasi mafi nauyi ya shafi tsaro. Kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin bayin fada masu harba adaka ranar hawan Sallah, yau ta koma sunan masu satar mutane. Idan an kama makamai akan baje bindigogi a gaban 'yan jarida, ido kuma ya tafi kansu. Amma bindigar AK-47 tana iya yin shekaru 30 tana aiki, alhali harsashinta sau ɗaya ake harba shi. Wannan harsashi, mai faɗin milimita 7.62, yana bukatar kwanso, riga, hular kunna wuta da albarushi marar hayaƙi, waɗanda babu maƙerin ƙauyen da zai iya haɗa su daga tushe. Duk ƙwayar da aka harba a dajin Zamfara ko Katsina daga wata masana'anta ta fito, galibi da tambari a gindinta, ta bi ta wata ma'ajiya, ta wuce ta hannun wani. Shi ya sa yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta sa harsashi cikin abubuwan da dole a sa wa ido.

Turawan 1890 sun san cewa wanda ya riƙe harsashi ya riƙe yaƙi, suka yi amfani da sanin a kan kakannin mutanen wannan ƙasa. Mafaraucin Kangire da ake roƙo yau ya shiga aikin sa-kai da adakarsa yana tsaye ne a gurbin da masu tsaron Kano suka tsaya a 1903: harbi ɗaya a hannunsa, talatin a hannun abokin gaba. Ba shi ne zai rufe wannan gibi ba. Aikin yana kan masu ƙirga akwatunan ma'ajiya, masu tsaron iyaka, da masu bin sawun tambarin da ke gindin kwanso. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙarar bindiga ita ce girin-girin. Man yana cikin lissafin harsashi.